Gayya da Mai Cin Bulus: Tambayar da Wani Littafin Kimiyya Ya Kauce wa

A ƙarshen daminar da ta wuce, wani abokina da ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi ya ara mini wani littafin Turanci, irin waɗanda masana ke rubuta wa gama-garin masu karatu, ya ce in karanta in gaya masa yadda na gan shi. Bangon littafin ya ɗauki alƙawari mai girma, cewa zai nuna yadda taimakon juna ya gina rayuwa tun daga halittun da ido ba ya gani har zuwa al'ummar ɗan Adam, kuma zai gyara kuskuren da aka daɗe ana yi na ɗaukar duniyar halittu a matsayin kashin dankali, manya a kan ƙanana. Na karance shi tas, na same shi da daɗin karatu, amma da na rufe shi sai na tarar ban ƙaru da abin da na zo nema ba. Ba zan ambaci sunansa ko na marubucinsa ba, domin aibin da na gani a cikinsa aibi ne na wani salon rubutu da ya yaɗu, kuma fayyace wannan aibin ya fi amfani ga mai karatu a kan sukar mutum ɗaya.

Na san cewa mutanenmu sun sha bamban a kan nazariyyar juyin halitta, musamman inda ta taɓo asalin ɗan Adam, kuma wannan muhawarar tana da malamanta da wurinta. Abin da ya dame ni a nan ya fi haka ƙanƙanta: marubuci ya ce zai bayyana abin da masana wannan fanni suka gano game da haɗin kai, saboda haka ma'aunin da za a auna shi da shi shi ne ko ya bayyana ɗin. A ganina bai yi ba, domin ya cika shafuffukansa da nuna cewa akwai haɗin kai a duniya, abin da duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya riga ya sani, ya bar tambayar da ta hana masana barci fiye da shekara 150, wato mene ne ke hana mai cin bulus rusa haɗin kan.

Ga yadda matsalar take. Ginshiƙin nazariyyar shi ne cewa yanayi yana aiki kamar rariya: duk wata ɗabi'a da ake gado, in tana sa mai ita ya bar zuriya fiye da sauran, za ta yawaita daga tsara zuwa tsara, wadda kuma ke rage zuriyar mai ita za ta yi ta raguwa har ta ɓace. To, a ɗauka mutum 20 ne suka saba yin gayya a gonakin juna, sai aka sami ɗaya daga ciki wanda in aikin na gonarsa ne yakan tara kowa, in kuwa na wani ne sai ya zo a makare, ya sha fura, ya yi kunya biyu ya ce bayansa na ciwo. Wannan mutumin ya sami ƙarfin mutum 19 a gonarsa, ya kuma adana nasa ƙarfin, don haka rumbunsa zai fi na kowa cika. In da halin nan gado ake yi, kuma cikar rumbu ke kawo yawan 'ya'ya, to bayan wasu tsararraki garin zai cika da irinsa, a wayi gari an kira gayya ba wanda ya ɗauki fartanya. Lissafin yana cewa haɗin kai ya kamata ya cinye kansa, ido kuwa yana ganin tururuwa da ƙudan zuma da gara suna ta aikinsu. Tazarar da ke tsakanin lissafin da abin da ido ke gani ita ce dukkan batun, kuma littafin bai taɓa shimfiɗa ta a fili yadda mai karatu zai ji nauyinta ba.

Maimakon haka sai ya gina wa kansa abokin gaba na kara, ya yi ta dukansa. Ya nuna kamar Charles Darwin da waɗanda suka biyo bayansa ba su san komai ba sai kokawar rayuwa, har sai da masu sabon tunani suka zo suka gano zumunci. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A cikin littafinsa na 1859 Darwin da kansa ya ware ƙwarin da ma'aikatansu ba sa haihuwa, ya ce matsala ce ta musamman wadda da farko ya ga kamar za ta rusa nazariyyarsa gaba ɗaya, ya kuma nemi mafita ta hanyar cewa rariyar tana iya aiki a kan iyali. A 1871 ya sake komawa kan batun, ya yi maganar ƙabilar da mutanenta ke taimakon juna da yadda za ta rinjayi wadda ba ta da wannan hali. Ita kanta kalmar nan da ake yawan jingina masa, ta cewa mafi dacewa shi ke wanzuwa, Herbert Spencer ne ya ƙirƙiro ta a 1864. Sannan tun 1902 Peter Kropotkin, mutumin Rasha da ya yi shekaru yana yawon bincike a Sibiriya, ya wallafa littafi guda a kan taimakon juna tsakanin dabbobi da mutane. Abin da aka sayar wa mai karatu a matsayin juyin juya hali tsohon zance ne da ya haura shekara 100.

Babban aibin littafin a wurina shi ne yadda ya zuba abubuwa mabambanta cikin ƙwarya ɗaya ya kira su duka haɗin kai. Balbelar da ke bin garken shanu tana cin farin da ƙafafunsu suka tayar, saniya ba ta yi asarar komai ba, ba ta kuma yi niyyar ciyar da kowa ba, don haka babu wani abin mamaki da ke buƙatar bayani. Carki kuma, wanda kowane makiyayi ya san shi a kan doron sa, lamarinsa ya fi haka sarƙaƙiya. An daɗe ana kafa misali da shi a matsayin abokin arziki mai cire wa dabba kaska, kuma haka littafin ya kawo shi. Amma wani bincike da Paul Weeks ya yi a kan shanu a Zimbabuwe, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa hana carki sauka a kan shanun bai ƙara musu kaska ba, kuma miki ya fi daɗewa bai warke ba a jikin waɗanda carkin ke sauka a kansu, domin yana caccakar mikin yana shan jini. Wasu bincike a kan wasu dabbobin sun sami amfaninsa, saboda haka gaskiyar ita ce dangantakar tana lilo tsakanin taimako da cuta gwargwadon hali. Makiyayin da ke korar carki daga kan saniya mai rauni ya riga marubucin fahimtar wannan.

Haka ya yi da tsuntsun nan mai jagorantar mutane zuwa ga zuma. Labarin gaskiya ne, kuma yana da ban sha'awa. Claire Spottiswoode da abokan aikinta sun nuna a 2016 cewa a arewacin Mozambik, in masu neman zuma na ƙabilar Yao suka yi wani kira na musamman, damar samun jagorancin tsuntsun tana tashi daga kashi 33 zuwa 66 cikin 100, damar samun zumar kuma daga kashi 17 zuwa 54. Mutum ya fasa kogon itace da gatari da hayaƙi ya ɗebi zuma, tsuntsu ya ci kaki. Abin da littafin ya ɓoye shi ne cewa wannan tsuntsun ba ya gina sheƙa, a sheƙar wani tsuntsu yake saka ƙwai, kuma ɗansa yana ƙyanƙyashewa da ƙugiya a baki wadda yake kashe 'ya'yan mai gidan da ita. Halitta ɗaya ce, rariya ɗaya ce ta samar da halayen biyu, kuma duk bayanin da ya ɗauki na farko ya yar da na biyu ya zama wa'azi.

Amsa ta farko mai ƙarfi ta zo ne a 1964 daga William Hamilton, wani ɗalibin bincike a Ingila, kuma Bahaushe ya riga ya taƙaita ta da cewa ɗan'uwa rabin jiki. Abin da ke wucewa daga tsara zuwa tsara ƙwayoyin gado ne, kuma ƙwayar da ke jikinka tana iya kasancewa a jikin danginka. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, rabon tarayyar rabi ne; tsakanin 'yan uba kashi 1 cikin 4; tsakanin ɗan wa da ɗan ƙane kashi 1 cikin 8, ko da yake a gidajen da auren zumunci ya yi yawa adadin yakan haura haka. Ƙa'idar Hamilton ta ce ɗabi'ar sadaukarwa za ta yaɗu in amfanin da wanda aka taimaka ya samu, bayan an auna shi da kusancin jini, ya fi asarar da mai taimakon ya yi, ana kuma auna amfani da asarar ne da yawan zuriya. Wato in asararka ɗa 1 ce, sai taimakon ya ƙara wa shaƙiƙinka fiye da 'ya'ya 2 kafin lissafin ya tashi, in ɗan baffanka ne sai fiye da 8. Wannan ƙa'ida layi ɗaya ce, ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare zai gane ta, amma marubucin ya ji tsoron kada lissafi ya kori masu saye, sai ya maye gurbinta da maganganu masu taushi a kan ƙaunar iyali. Ya raina mai karatunsa, kuma da ya cire lissafin sai ya cire abin da ke sa a iya gwada maganar a ga ko ta tsaya.

Da ya bi sawun ƙa'idar, da ya kai mai karatu cikin amya, inda labarin ya fi kowane daɗi. A wurin ƙudan zuma da tururuwa namiji yana fitowa ne daga ƙwan da ba a barbara ba, wanda hakan ke sa 'yan'uwa mata da suka haɗa uwa da uba su yi tarayya da kashi 3 cikin 4, fiye da rabin da ke tsakanin uwa da 'yarta. Shekaru da dama an ɗauka wannan ne sirrin da ya sa ma'aikaciya ke barin haihuwa ta yi renon ƙannenta. Daga baya aka ga bayanin bai wadatar ba. Gara ba ta da wannan tsarin gado, amma ga suri nan tsaye a kowane daji. Sarauniyar zuma kuma tana saduwa da maza fiye da 10, don haka yawancin ma'aikatan amya 'yan uwa ɗaya ne uba daban-daban. Sai dai wani bincike na 2008 ya nuna cewa a asalin waɗannan zuriyoyi uwa namiji ɗaya take sani, saduwa da maza da yawa daga baya ta samu. Sai kuma abin da Francis Ratnieks da Kirk Visscher suka nuna a 1989: ma'aikaciyar zuma tana iya saka ƙwan da zai zama namiji, wasu kuma suna gwadawa, amma sauran ma'aikata suna gane ƙwan su cinye shi. Amyar da ake kafa misali da ita wajen sadaukarwa tana da dogarai a cikinta.

Bahaushen da ya ce ɗan'uwa rabin jiki shi ne kuma ya san 'yan ubanci, kuma kimiyya ta tabbatar masa da duka biyun. In dangi suna zaune wuri ɗaya suna neman abu ɗaya, gasar da ke tsakaninsu tana iya share amfanin kusancin. Duk wanda ya taɓa ɓare ɓaure ya ga 'yan ƙwarin da ke ciki, waɗanda su ne ke yi wa itacen barbara. Stuart West da abokan aikinsa sun duba irin waɗannan ƙwari a 2001, suka tarar cewa tsananin faɗan da mazansu ke yi a cikin ɗan ɓaure bai danganta da kusancin jininsu ba, ya danganta ne da ƙarancin matan da ake takara a kansu. Wanda ya taɓa halartar rabon gadon gona ɗaya tsakanin magada da yawa ba zai yi mamaki ba.

Inda babu dangantakar jini, sai a koma ga cuɗe ni in cuɗe ka, wanda Robert Trivers ya tsara bayaninsa a 1971. Misalin da kowane littafi ke kawowa shi ne jemage mai shan jini na nahiyar Amurka, wanda Gerald Wilkinson ya yi nazarinsa a Kosta Rika ya buga sakamakon a 1984. Wannan jemage ba ya iya wuce kusan kwana 3 bai ci ba, don haka wanda ya ƙoshi yakan amayo wa wanda ya kwana da yunwa, kuma an fi ba wanda ya taɓa bayarwa. Littafin ya ba da wannan labari da kyau, dole in yaba masa. Abin da bai faɗa ba shi ne cewa irin wannan ramuwar alheri mai tsafta ta yi ƙaranci ƙwarai a cikin dabbobi, domin tana buƙatar a gane juna, a tuna abin da ya wuce, a kuma daɗe tare, kuma masana da yawa suna ganin misalan da aka tabbatar ba su taka kara sun karya ba.

Ya kuma ba da babi guda ga gasar kwamfuta da Robert Axelrod na Jami'ar Michigan ya shirya a kusan 1980, wadda ta cancanci a fayyace ta. An ɗauki wani wasa na mutum biyu, kowa ya zaɓi ko ya riƙe amana ko ya ci amana ba tare da ya san zaɓin ɗayan ba. In duka sun riƙe, kowa ya sami maki 3. In duka sun ci amana, kowa 1. In ɗaya ya riƙe ɗaya ya ci, macucin ya sami 5, mai amana ya tashi a tutar babu. In sau ɗaya za a yi, cin amana ya fi riba ko me ɗayan ya zaɓa, kuma wannan shi ne tarkon. Axelrod ya gayyaci masana su aiko da dabaru, aka sami 14, aka haɗa kowace da kowace har zagaye 200. Wadda ta yi nasara ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: ka fara da riƙe amana, daga nan ka yi wa abokin wasanka abin da ya yi maka a zagayen da ya wuce. Aka sake gasar da dabaru 62, kowa ya san dabarar da ta yi nasara a karon farko, ta sake lashewa.

Marubucin ya tsaya a nan ya buga tambari, ya ce kimiyya ta tabbatar da cewa mutumin kirki shi ke cin riba. Sai dai dabarar ba ta kirki zalla ba ce, domin tana rama cuta nan take, kuma wannan ramuwar ce ke kare ta. Tana kuma da rauni babba: in aka yi kuskure sau ɗaya, ko aka fahimci wani ba daidai ba, masu bin ta biyu za su shiga ramuwar gayya marar iyaka, wannan ya rama wancan ya rama. Martin Nowak da Karl Sigmund sun nuna a 1992 cewa inda ake kuskure, dabarar da ke yafewa lokaci-lokaci ta fi ta. Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci kuwa shi ne kowa ya sa ran za a sake haɗuwa gobe. A nan ne na ajiye littafin na yi tunanin ƙasarmu. Dattawa a Zamfara da Kebbi suna tuna lokacin da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, a yi musanyar hatsi da nono, shekara ta zagayo a sake. Da takin zamani ya samu, kara da harawa suka zama kayan sayarwa, noman rani ya shiga fadamun da ake kiwo, aka nome burtali, sai kowane ɓangare ya rage buƙatar ɗayan a baɗi. Ba na cewa wannan ne ya haifar da bala'in da ake ciki, domin akwai makamai da rashin adalci da sakacin hukuma da wasu dalilai masu nauyi, amma nazariyyar tana da abin faɗa game da yadda amana ke rushewa in gobe ta daina ɗaure mutane, kuma littafin da ya yi alƙawarin bayyana haɗin kai bai ce uffan a kan rushewarsa ba.

Misalin da na fi so yana ƙarƙashin ƙasa a kowace gonar da aka shuka wake ko gyaɗa tsakanin gero. In ka tuge wake za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa, a cikinsu akwai bakteriya da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, ita kuma shukar ta ba su sukari da mafaka. Wannan ne ya sa ƙasar da aka noma wake ke yi wa hatsi kyau. Kamo naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi, don haka bakteriyar da ta shiga saiwa ta ci sukari ta ƙi aiki ya kamata ta fi sauran hayayyafa. Toby Kiers da abokan aikinta sun gwada wannan a kan waken suya a 2003, suka hana wasu ƙullayen samun naitirojin don su zama kamar masu ƙin aiki, sai shukar ta rage musu iskar oksijin, hayayyafar bakteriyar da ke cikinsu ta ragu da kusan rabi. Shuka ba ta da ƙwaƙwalwa balle niyya, amma tana hukunta cima-zaune. Littafin ya kawo dangantakar wake da bakteriya a matsayin abota, ya tsallake hukuncin da ke riƙe da ita.

Jikin mutum ma haka yake. Lynn Margulis ta kafe tun 1967, bayan mujallu da dama sun ƙi karɓar takardarta, cewa 'yan injinan da ke samar da ƙarfi a cikin tantanin halitta (wato ƙananan ɗakunan da jiki ya ginu da su), waɗanda ake kira mitokondiriya, asalinsu bakteriya ne masu zaman kansu, kuma yau masana sun yarda da ita. Cutar daji kuwa tantani ne da ya daina bin dokar jiki ya shiga hayayyafa don kansa, kuma jiki yana da hanyoyi da dama na gano irinsa ya kashe shi tun kafin ya yi ƙarfi.

Akwai kuma rashin riƙon amana ga mai karatu a kan wata muhawara da har yanzu ba a rufe ta ba, wato ko rariyar tana zaɓen rukuni sukutum. V. C. Wynne-Edwards ya ce a 1962 dabbobi suna taƙaita haihuwarsu don amfanin jinsinsu, George Williams ya rusa wannan a 1966 da hujjar mai cin bulus da na kawo a sama. Daga baya aka dawo da batun cikin tsari mafi tsauri, kuma masana da yawa suna ganin sabon tsarin da na Hamilton hanya biyu ce ta yin lissafi ɗaya. A 2010 Nowak da Corina Tarnita da Edward Wilson suka buga takarda a mujallar Nature suna sukar tsarin Hamilton, a shekarar da ta biyo baya masana 137 suka sa hannu a kan martani guda. Marubuci yana da 'yancin ɗaukar ɓangare, kuma yawan sa hannu ba hujja ba ne. Amma wanda ya gabatar da ɓangarensa kamar an gama shari'a, bai ko sanar da mai karatu cewa akwai masu ja ba, ya yi abin da ba a yarda dillali ya yi a kasuwar Jega ba, wato ɓoye aibin kaya.

Da ya iso kan ɗan Adam sai rubutun ya ƙara laushi, alhali nan ne aka fi samun bincike mai kaifi. Mutum yana haɗa kai da baƙon da ba danginsa ba, wanda watakila ba za su sake haɗuwa ba, kuma kusancin jini da cuɗe ni in cuɗe ka ba su isa su bayyana wannan ba. Matan da ke adashi sun san sauran bayanin. Wadda ta kwashi zubi a farko tana da kowane dalili na daina zubawa, abin da ke hana ta shi ne uwar adashi ta san gidanta, kuma in ta ci amana labari zai riga ta isa kowane gidan biki, ba mai sake sa ta a wani adashin. Suna jari ne, harshe kuma shi ne mai gadinsa. Ernst Fehr da Simon Gächter sun gwada irin wannan a Suwizalan a 2002, inda mutum 4 ke zuba kuɗi a asusu ɗaya a raba ribar daidai. Da babu hukunci sai zubin ya yi ta raguwa zagaye bayan zagaye, da aka ba mutane damar kashe kuɗinsu don a ci tarar mai ƙin zubawa sai zubin ya tashi. Amma da aka maimaita irin gwajin a wurare 16 na duniya aka buga a 2008, sai aka ga a wasu wuraren masu ƙin zubawa ne ke hukunta masu zubawa, kuma a can hukuncin bai gyara komai ba sosai. Wannan sakamako na biyu ba shi da daɗin ji, littafin kuma bai kawo shi ba.

Bai kuma ba Elinor Ostrom haƙƙinta ba, matar da ta fara samun kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. Garrett Hardin ya yi hasashe a 1968 cewa duk makiyayar da kowa ke da haƙƙi a kanta ƙarshenta lalacewa. Ostrom ta bi ƙauyuka da tsofaffin takardu ta ga inda hakan bai faru ba, kamar ƙauyen Törbel a tsaunukan Suwizalan, inda tun 1517 doka ta hana mutum kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a lokacin sanyi, da manoman ban-ruwa na Sifen da Filifin. Abin da ta tarar a wuraren da suka ɗore shi ne iyaka bayyananniya, da masu sa ido daga cikin jama'ar, da tara mai hawa daki-daki, da wurin sasanta rikici mai sauƙin zuwa. Mutumin Argungu zai gane wannan nan take. Ana ganin dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada da homa da gora a ranar bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma abin da ya sa ake samun manyan kifaye a ranar shi ne hanin da al'ada ta ɗora a kan kamun kifi a wurin kafin lokaci, da Sarkin Ruwa da mutanensa da ke tsare hanin. Mai ɗaukar hoto yana zuwa ranar su, watannin tsaron kuwa ba mai ɗaukarsu, kuma littafin mai ɗaukar hoto ne.

Babinsa na ƙarshe ya yi tsalle daga yadda abu yake zuwa yadda ya kamata ya kasance: tunda halittu suna haɗa kai, in ji shi, mu ma ɗabi'armu ta asali alheri ce. Wannan hujja ita ce dai ta waɗanda suka ce tunda zaki yana cin barewa, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, an dai juya ta ne kawai. Kuma haɗin kai ba shi da alƙibla ta kansa. Jane Goodall ta ga birai na Gombe a Tanzaniya, tsakanin 1974 da 1978, suna haɗa kai su fita sintiri su kashe mazan wani rukuni ɗaya bayan ɗaya har suka ƙarar da su. Dabar 'yan bindiga a daji tana da rabon ganima da riƙon sirri da hukuncin mai tona asiri, wato duk sharuɗɗan da masana suka lissafa, kuma 'yan kasuwar da suka haɗa baki suka ɓoye hatsi haɗin kai suke yi. Kimiyya tana iya gaya mana abin da ke sa rukuni ya ɗore, amma ko abin da rukunin ke yi halal ne ko zalunci, wannan daga addini da tarbiyya da shari'a ake samo shi.

Da na mayar wa abokina littafin na gaya masa duk wannan, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ka fi marubucin tsanani.” Ya ce shi abin da ya ɗauka daga hirar tamu shi ne zancen saiwar wake, domin yana da ɗan fili a bayan ajinsa. Ya yi niyyar in damina ta faɗi ya sa ɗalibai su shuka wake, in ya yi kamar mako 6 su tuge, su tsaga ƙullayen da reza, su ƙirga waɗanda cikinsu ya yi ja-ja, alamar ana aiki, da waɗanda suka fito fari ko kore, sannan ya tambaye su me suke ganin shukar za ta yi da na biyun.